Yadda Ake Kula da Gizo-gizo Mai Tsalle da Aka Kamo, Idan Ta Zo da Ƙwai a Ciki

Wadda na fara riƙewa, a jikin bangon bayan ɗaki na same ta wajen la'asar, tana laɓaɓawa bayan wani ƙuda kamar kyanwa. Na kifa mata kofi, na zura takarda ta ƙasa, na juye ta a wata robar cakulan da aka wanke, da niyyar in kalle ta kwana biyu in sake ta. A kwana na tara ta shige wata farar saƙa da ta yi a ƙarƙashin murfi, ta daina fitowa. Da na haska fitilar waya ta gefe, sai ga wani ɗan curi rawaya-rawaya a ƙarƙashinta. Ƙwai ne. Ita kaɗai ce a robar, babu namijin da ya taɓa shiga.

Abin ba mamaki ba ne ga wanda ya san halittarsu. Macen gizo-gizo tana da wasu 'yan jakunkuna a cikinta inda take ajiye maniyyin namiji bayan barbara, ta riƙe shi makonni, wani lokaci watanni, sai ta shirya sannan ta yi ƙwai. Don haka duk balagaggiyar macen da ka kamo a bango ko a lambu, ka ɗauka kawai tana ɗauke da 'ya'ya har sai ka ga akasin haka. Kuma ba sau ɗaya take yi ba, barbara ɗaya tana iya isar ta ta yi ƙwai sau biyu ko uku.

Fara sanin wa ka kamo

Gizo-gizo mai tsalle dangi ne babba, masana suna kiransa Salticidae, kuma ya haura nau'i 6,000, babu dangin gizo-gizon da ya kai shi yawa. Gane shi ba wuya. Gajere ne, ƙafafunsa ba dogaye ba, idanunsa takwas amma biyu na gaba manya ne ƙwarai, kuma in ka matso zai juyo ya dube ka. Ba ya kafa tarko da saƙa yana jiran abinci ya faɗo. Da rana yake farauta, da ido, ya bi abin a hankali sannan ya daka tsalle, yana jan wani siririn zare a bayansa wanda zai riƙe shi in ya kuskure. Mutane da yawa suna haɗa shi da tautau su take shi, alhali ba ya neman mutum da cizo. Sai an matse shi, kuma ko ya ciji mutum, a mafi yawan lokuta bai wuce ɗan ƙaiƙayi da ja ba.

A gidajenmu waɗanda aka fi gani su ne Menemerus bivittatus, mai ruwan toka shimfiɗaɗɗe da ke yawo a bango, da Plexippus paykulli wanda namijinsa ke da farin layi a tsakiyar baya, da kuma Hasarius adansoni. Dukansu ƙanana ne, jikinsu santimita ɗaya ko ƙasa da haka ko sama kaɗan. Manyan nan masu kwalliya da ake nunawa a intanet galibi Phidippus ne na Amurka. Ka tuna da wannan in kana karanta shawarar masu kiwonsu, domin yawan ƙwai da girman abincin nasu ba ɗaya ba ne da namu.

Mace ce ko namiji? Dubi 'yan hannuwa biyu da ke gaban baki. Na balagaggen namiji kawunansu a kumbure suke kamar hannun ɗan dambe da aka naɗe. Na mace sirara ne masu gashi, kuma cikinta ya fi faɗi. In namiji ne, maganar ƙwai ta ƙare.

Kafin ka ci gaba, tsaya ka yanke shawara. Macen Menemerus tana yin ƙwai 25 zuwa 40, ta Plexippus 35 zuwa 60. Kana da lokacin kula da wannan adadin? In babu, mayar da ita inda ka kamo ta tun ba ta yi saƙar ƙwai ba, wannan ba gazawa ba ce. In kuwa ka zaɓi riƙe ta, to cinta da shanta sun hau kanka. Duk mun san labarin matar da ta tsare kyanwa ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Ƙanƙantar halitta ba ta rage nauyin amana.

Mataki na farko: gida

Nemi roba mai garai-garai wadda ake ganin ciki, faɗinta kamar santimita 10, tsayinta 15. Wanke ta da ruwa sosai har ƙanshin abin da ke ciki da na sabulu su fita, ka shanya ta. Ɗauki allura ka ɗora a wuta ka huda ƙananan ramuka da yawa a gefe biyu masu kallon juna, domin iska ta shiga nan ta fita can. Yi wannan kafin ka saka ta, kuma ka bari warin ƙonanniyar roba ya fita tukuna.

Sannan ka kifa robar, murfin ya koma ƙasa. Wannan shi ne abin da ban sani ba da farko. Gizo-gizo mai tsalle a can sama yake yin ɗakin kwanansa, a lungun da ya fi tsayi. In murfin yana sama, a jikinsa za ta yi saƙa, kuma duk buɗewar da ka yi za ka yaga mata. In ƙwai ne a ciki, kana iya ɓarar da su gaba ɗaya. In aikin gama ya gama, ta riga ta yi ƙwai a ƙarƙashin murfi kamar yadda tawa ta yi, kada ka sake taɓa murfin. Sa reza ka yanke ɗan rami kamar girman kan yatsa a gefen robar daga can ƙasa, a hankali ba tare da girgiza ba, ka toshe da auduga. Wannan ramin shi ne ƙofarka daga yanzu, ta nan abinci da ruwa za su shiga.

A ciki, sa ɗan busasshen reshe ko ɓawon itace a tsaye, da busasshen ganye ɗaya ko biyu can sama don ta sami lungu. A ƙasa takardar tishu ta isa, kuma ta fi ƙasa ko yashi sauƙin canzawa. Kada ka ɗebo ganye daga gonar da aka yi wa feshi.

Mataki na biyu: inda za ka ajiye

A nan ne aka fi yin asara. Tana bukatar haske domin da ido take farauta, a duhu ba za ta ci ba. Amma hasken rana kai tsaye a kan rufaffiyar roba zai dafa ta cikin 'yan mintuna. Nemi wuri mai haske kusa da taga wanda rana ba ta faɗowa a kai. Zafi tsakanin digiri 22 zuwa 28 shi ne daidai. A bazara, lokacin da ɗakin kwano ke zama kamar tanda, sauko da ita ƙasa-ƙasa, ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kusa da randa in akwai.

Maganin sauro kowane iri, na feshi ne, na kunnawa ne, ko fiya-fiya, guba ne gare ta. Kafin a yi feshi a fitar da robar daga ɗakin, kuma kada a dawo da ita sai washegari bayan an buɗe tagogi. Hayaƙin turaren wuta ma a nisanta shi. Ka gaya wa mutanen gida, domin ba kai kaɗai kake feshi ba.

Sai kiyashi. Uwa mai kwanci ba ta barin ƙwanta, kuma in kiyashi suka gano ramukan iska za su shiga su cinye ta da ƙwan a dare ɗaya. Yi mata abin da ake yi wa kwalbar zuma: ɗora robar a kan kifaffen kofi a tsakiyar faranti mai ruwa, kada wani abu ya haɗa ta da bango. Duba ruwan farantin kullum, a hunturu yana saurin ƙafewa.

Mataki na uku: ruwa

Ruwa ya fi abinci muhimmanci. Gizo-gizo yana miƙe ƙafafunsa ne da matsin ruwan jikinsa, da shi yake tsalle, don haka in ƙishi ya kama shi za ka ga ƙafafun sun fara naɗewa ciki. Amma kada ka sa kwanon ruwa. Numfashinsa ta ƙarƙashin ciki yake yi, ruwa kaɗan yana iya shaƙe shi. Abin da ake yi shi ne a fesa ruwa mai tsabta sau ɗaya a bango ɗaya na robar, ɗige-ɗige ƙanana, nesa da saƙar. In ba ka da abin feshi, jiƙa ɗan guntun auduga ka matse ka ajiye a ƙasa, ka riƙa canza shi bayan kwana biyu.

Lokaci yana canza lissafin. A hunturu iska ta bushe ƙayau, sai an ba da ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma. A damina kuwa, sau ɗaya a kwana biyu ko uku ya isa, domin danshi mai yawa yana kawo fumfuna, ita kuma tana kashe ƙwai. Ma'aunin da nake bi: in ɗigon da ka fesa da safe bai bushe ba har azahar, ruwan ya yi yawa ko iskar ta yi kaɗan. Kada ka taɓa fesa ruwa a kan saƙar ƙwai.

Mataki na huɗu: abinci kafin ta kwanta

Abinci mai rai take ci, mai motsi. Ƙuda, sauro, da ƙananan ƙwarin da ke taruwa a fitila da dare duk sun yi, muddin abin bai fi jikinta girma ba. Guda ɗaya bayan kwana biyu ko uku ya isa. Cikinta ne zai gaya maka: in ya motse, ƙara; in ya yi tim kamar zai fashe, dakata. Kamo ƙwarin daga inda ba a fesa magani ba, kuma kada ka ba ta ƙudan da ka samu yana magagi a ƙasa, sau da yawa magani ne ya taɓa shi. Kada ka ba ta tururuwa. Gyare kuma, ko ƙarami ne, in ba ta kama shi cikin awa ɗaya ko biyu ba ka fitar da shi, domin yana cizon gizo-gizon da ke kwance.

Ƙwai ne ko saɓa?

Wata rana za ta ƙi abinci, ta ƙara kaurin saƙarta har ka daina ganinta sosai, ta rufe kanta. Abu biyu ne ke sa haka. Ko dai ba ta gama girma ba za ta yi saɓa, wato ta tuɓe tsohuwar fata kamar maciji, ko kuma ƙwai za ta yi. Wadda ta balaga ba ta sake saɓa. Saƙar ƙwai ta fi kauri da fari, kuma bayan ta yi za ka ga cikinta ya sace a dare ɗaya, ga ɗan curi a ƙarƙashinta, kowane ƙwai bai wuce ƙwayar acca ba. In saɓa ce, bayan wasu kwanaki za ka ga fatar da ta tuɓe a bakin saƙar, kamar gawar gizo-gizo mara nauyi.

Ko wanne ne, abin yi ɗaya ne: ka bar ta.

Mataki na biyar: kwanakin kwanci

Wannan shi ne mataki mafi wuya, domin babu abin yi da yawa kuma hannu yana ƙaiƙayi. Rubuta a jikin robar ranar da ka fara ganin ƙwan. Daga nan kada ka girgiza, kada ka juya, kada ka ɗauka kana nuna wa baƙi, kada ka sa tsinke ka buɗe saƙar don ka gani. Uwar da aka dama tana iya cinye ƙwanta ko ta bar shi. In kana son dubawa, haska fitila mara ƙarfi ta gefe na 'yan daƙiƙu, sau ɗaya a kwana biyu ko uku. Yara su kalla da ido, hannu a baya.

Za ta rame, kuma hankalinka zai tashi. Tawa sai da ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta leƙo ba. Ranar da ta fito, da sassafe ne, ta sauko a hankali ta kafa baki a wani ɗigon ruwa ta daɗe tana sha, sannan ta juya ta koma, ko kallon ƙudan da na saka ba ta yi ba. Ruwa kada ya yanke. Abinci kuwa, gwada ƙaramin ƙuda ɗaya sau ɗaya a mako, in ya kai yamma ba ta kama ba ka fitar da shi. Ƙuda ba ya cizo, shi ya sa ya fi komai dacewa a wannan lokacin.

Akwai masu cire jakar ƙwan su rene ta daban. Ban ga dalilin haka ga mai farawa ba. Uwar ta fi ka sanin aikin.

In ƙwan ba shi da rai, wato ba a yi barbara ba ko ya lalace, za ka ga ya bushe ya yi duhu ko ya yi fumfuna, ko uwar ta cinye shi ta fito ta ci gaba da harkarta. In ta bar saƙar gaba ɗaya kuma fumfuna ta bayyana, sannan ka cire.

Mataki na shida: shirya abincin 'ya'ya tun yanzu

Kada ka jira sai sun fito. A makon da ta yi ƙwai, ka fara kiwon 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba. Sa guntun ayaba nunanniya a kwalba, ka bar ta a buɗe a inuwa kwana ɗaya ko biyu har su shiga su yi ƙwai, sannan ka rufe bakin da ƙyalle mai shara-shara ka ɗaure da robali. Sa ɗan murɗaɗɗen takarda a ciki don tsutsotsin su sami wurin hawa. Cikin kwana goma ko makamancin haka sababbin ƙudaje za su fito. Bayan mako ɗaya ka haɗa kwalba ta biyu don kada abinci ya yanke. Wajen juye su, kifa wata kwalba a kan bakin ta farko, sama suke yi wajen haske. In akwai firji, minti biyu zuwa uku a ciki yana sa su yi laushi har ka juye su ba tare da sun tashi ba.

A wannan makon kuma ka duba ramukan iska. 'Ya'yan ba su kai ƙwayar riɗi ba, ramin gidan sauro ma suna ratsa shi. Rufe ramukan ta waje da guntun mayafi mai shara-shara, ka manna gefunansa ta waje yadda gam ba zai taɓa ciki ba.

Mataki na bakwai: fitowa

Ƙwan yana ƙyanƙyashewa tun cikin saƙa, amma 'ya'yan ba sa fitowa nan take. Suna zama a dunƙule, farare, kusan ba motsi, suna rayuwa da sauran gwaiduwar da ke cikinsu, har su yi saɓar farko su yi duhu. Kada ka saka musu abinci a wannan lokacin, ba za su ci ba. Ga irin na bangonmu, daga ƙwai zuwa watsewa mako uku zuwa huɗu ne, sanyi yana jinkirta shi kaɗan.

Za ka wayi gari ka ga ɗige-ɗige baƙi suna yawo a bangon robar, wasu suna reto a zare. Daga ranar rage girman ɗigon ruwa, domin ɗigon da uwar ke sha lafiya yana iya nutsar da ɗa. Audugar da aka matse ta fi feshi aminci. Saka ƙananan ƙudajen nan kamar goma ka zuba ido. Ɗan da bai kai ƙudan girma ba sai ka ga ya juya, ya daidaita ido, ya daka tsalle irin na uwarsa, babu wanda ya koya masa.

In mafi yawansu sun bar saƙar, raba uwar da su. Sa gashin kaza mai laushi ka kora ta cikin wata robar da ka shirya, kada ka kama ta da yatsa. Ba ta abinci mai kyau, ta sha wahala. Kuma ka sa ido, bayan 'yan makonni tana iya sake yin wani ƙwan.

Mataki na takwas: saki, ko riƙe kaɗan

'Ya'yan ba sa daɗewa suna zaman lafiya. Cikin mako ɗaya ko biyu manya za su fara cin ƙanana, ko da akwai abinci. Shawarata ita ce ka sake su kwana biyu zuwa uku bayan sun watse, bayan sun ci sau ɗaya. Kai robar daidai inda ka kamo uwar, da sassafe ko bayan la'asar, ranar da ba iska mai ƙarfi ko ruwan sama. Buɗe ta ka jingina a inuwa kusa da tsagar bango ko gindin shuka, nesa da hanyar kiyashi da gidan zanzaro, domin da gizo-gizo zanzaro yake cika ɗakunan ƙasarsa don 'ya'yansa. Bar robar a nan awa biyu ko uku, da kansu za su fice. Wannan ya halatta ne don a nan aka kamo uwar. Wanda aka kawo daga wata ƙasa ba a sakinsa a waje.

In kana son riƙe wasu, uku zuwa biyar sun isa. Kowane ɗaya da ƙaramar robarsa, irin ta magani ko ta yaji da aka wanke tas, a rufe da ƙyalle, da ɗan tsinke a ciki da guntun auduga mai danshi. Ƙuda ɗaya ko biyu bayan kwana biyu. Duk wanda ya shige saƙarsa ya rufe, saɓa zai yi, a cire abinci a bar shi, kuma kada a ba shi sai kwana biyu bayan ya fito, lokacin da sabuwar fatar ta yi ƙwari. Wasu za su mutu wajen saɓa ko da ka yi komai daidai, galibi in iska ta bushe da yawa, don haka a hunturu ka fi sa ido kan audugar.

Uwar kuma, ba ka san shekarunta ba lokacin da ka kamo ta, kuma rayuwarsu duka shekara ɗaya ce zuwa biyu. In ta fara zamewa daga bangon roba, tsufa ne, gashin tafin ƙafarta ya cinye. Manna mata guntun ƙyalle a bango ta ciki don ta sami abin riƙewa, ka ƙara tishu a ƙasa saboda faɗuwa, ka riƙa ba ta abinci ƙarami wanda ba sai ta yi tsalle mai nisa ba. In kuwa har yanzu da ƙarfinta, tana cin abinci tana hawa, ka mayar da ita bangonta tare da 'ya'yan. Tawa haka na yi mata, da yamma, na buɗe robar a bakin tsagar da na fara ganinta. Ta tsaya a bakin robar ta ɗaga kai ta dube ni, sannan ta yi tsalle ɗaya ta shige.